Jinin da Na Bayar a Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban ci abinci da zafinsa a shago ba. Duk wadda ta shigo, ko tukunya ta zo saya ko gaisuwa ce ta kawo ta, sai ta ja kujera ta ce in ba ta labari. Wata dalar Fir'auna take so ta ji, wata abaya, wata kuma so take ta tabbatar ko da gaske an yanka idon Nafisa. Na maimaita har na ji labarin ya fara sauya kama a bakina. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wadda ta sake tambaya in miƙa mata takarda.

Ni Laraba dillaliya ce, kayan kicin nake sayarwa a Ƙofar Ran, cikin garin Bauchi. Da kwanuka shida a cikin buhu na fara, gida-gida. Nafisa kuwa 'yar ƙanwata Hadiza ce, wadda ke aure a Inkil, kuma ita ce 'yarta ta fari. Yaye aka kawo min ita, ba ta koma ba, ga shi yanzu shekararta goma sha tara. Ni take kira Umma, Hadiza kuma Anti.

An haife ta fatar idanunta a sauke, ƙwayar idon tana kallon ƙasa, ba ta juyawa sama. In za ta dubi mutum sai ta ɗaga haɓa ta karya wuya baya. Wanda bai san ta ba sai ya ce girman kai ne. Tana gani, ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma wuyanta bai taɓa kwana bai yi ciwo ba.

Abin da matan shago ba su sani ba shi ne wannan. Hadiza tana da cikin Nafisa wata uku ta yi zazzaɓi mai zafi, ta aika kemis aka sayo mata magani ta sha. Ranar suna wata tsohuwa daga dangin mijinta ta duba jaririyar, ta ce a gaban mata maganin nan ne ya taɓa ta. Tsohuwar ta rasu tuntuni, maganarta ba ta rasu ba. Hadiza ta haifi uku bayan nan lafiya lau, kuma a duk cikin ukun ko maganin ciwon kai ba ta yarda ta haɗiya, har a na ƙarshe zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Ba ta faɗin sunan Nafisa, ba ta duban fuskarta. Mutane suna yaba mata, wai ta iya kunyar 'yar fari. Ni da muka tashi kan tabarma ɗaya na san ba kunya ba ce. Mai kunya tana satar kallo. Hadiza ko satar ba ta yi.

Da likitan ido ya ce ana iya aikin a Alƙahira, kuma akwai gwajin jini da zai nuna asalin abin, na ce za mu je. Idon na je gyarawa, amma amsar na fi zuwa nema. Na ƙudurta in aka ce maganin ne, in rufe bakina har kabari. In aka ce ba shi ba ne, in kawo wa Hadiza a rubuce.

Motar haya muka shiga zuwa Kano. Bayan Ningi kaɗan taya ta fashe, direba ya buɗe but ya tarar da safayar ita ma a sace take, ya tsaya yana kallonta kamar wani ne ya saka ta. Awa biyu muka yi a ƙarƙashin bishiya. Wata Bafulatana ta kawo mana fura da nono, da ta ji inda za mu ta ce a gaishe mata da Annabi. Na ce mata Masar ne ba Madina ba, ta ce ai hanya ɗaya ce, in na samu mai wucewa in ba shi saƙon.

A filin jirgin Alƙahira muka fara gane mun bar gida. Jami'in da ke buga hatimi ya ce Nafisa ta dubi na'urar ɗaukar hoto. Ta ɗaga haɓa yadda ta saba, ya ce ta sauke kai. Ta sauke, idon ya ɓace. Sau uku ana haka, layi ya fara gunaguni a bayanmu, ni kuma raina ya fara tafasa. Ƙarshe ta sa yatsu biyu ta ɗage fatar idon da kanta, na'urar ta yi ƙara, aka buga. Da muka wuce ta ce in rabu da shi, na'urar ce ba ta saba ganin manyan mutane ba.

Wajen binciken kaya kuma aka buɗe jakata. Kilishi ya wuce, yaji ya wuce, aka zo kan daddawa. Mutumin ya kwance ledar, ya kai hanci, ya ja da baya har ya take ƙafar abokin aikinsa. Nafisa ta haɗa Larabcin Islamiyya ta ce masa abinci ne. Ya dube ni, ya dubi daddawar, ya miƙo min ita da yatsu biyu, da tausayi a fuskarsa.

Masaukinmu gidan wata Hajja Batulu ne, a hawa na bakwai. Kakanninta Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙasa suka zauna a Sudan, ita kuma zama ya kawo ta Alƙahira, tana saukar da marasa lafiya daga Najeriya tana yi musu tafinta a asibiti. Hausarta irin ta kakarmu ce, tsohuwa mai daɗi, da Larabci a tsattsarge. Ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu tun ban ajiye jaka ba. A can haka ake, har maza da maza. Mu da gaisuwarmu ke da tsawo amma daga nesa, su tasu gajeriya ce amma sai an haɗa fuska.

Abin da ya fi burge ni a garin kwando ne. Mace tana hawa na bakwai, ta ɗaura wa kwando igiya ta zura ta taga, mai gurasa ko mai kayan miya ya saka mata, ta ja abinta. Na ce in gidajen Ƙofar Ran bene ne, da ban cinye takalma ina yawon dillanci ba. Rana ta uku na ce zan gwada. Na zura, na ji nauyi, na ja, sai ga kifi ɗanye guda huɗu. Ashe igiyata ta sarƙe da ta maƙwabciyar da ke ƙasanmu, mai kifi ya saka a nawa. Matar ta hauro tana magana da hannu biyu, na ɗauka faɗa ne, Hajja Batulu ta ce a'a, gayyatarmu take mu zo mu ci tunda kifin ya riga ya san gidanmu. Muka je muka ci.

Da safe wake suke ci, dafaffe luguf da mai da gurasa. Akwai kuma wani abinci da suke ji da shi, koshari: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da miyar tumatir da soyayyiyar albasa, duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin. Ranar farko na ture. Kafin mu taho ni ke aika a sayo, in barbaɗa yajina. 'Yan kasuwarsu kuwa na sara musu. Sai sun zaunar da ke sun ba ki shayi sun tambayi 'ya'yanki, kafin a zo maganar kaya kin riga kin ji kunyar fita hannu wofi. Na koyo wannan.

Tsallaka titi ne kawai ban koya ba. Mota ba ta tsayawa, mutum ba ya jira, kowa ya shiga Allah ya fitar. Ga Nafisa da sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga gefe. Hajja Batulu ke kama hannunta ta kutsa, ni ina biye ina salati.

A asibiti, bayan likitan ido, aka tura mu wurin likitar cututtukan gado, wata gajeriyar mata mai furfura da suke kira Daktora. Ta ɗauki takarda tana zana dangi, tana tambaya ko akwai mai irin idon. Babu. Ta ce za a ɗebi jinin yarinya da na mahaifiyarta a gwada tare, na uban a aiko daga baya. Sai ta dube ni ta yi tambaya, Hajja Batulu ta fassara ba tare da kwana-kwana ba: ni na haife ta?

Na ce ni ce.

Ba wai ban gane tambayar ba. Amma wadda ta taɓa riƙo ta sani, ba a cewa "ba ni na haife ta ba" a gaban 'yar riƙo. Shekara goma sha bakwai ban taɓa faɗa ba, ko a makaranta, ko a asibiti, harshena bai san hanyar maganar ba. Na kuma yi lissafi irin namu: ni da Hadiza uwa ɗaya uba ɗaya, jinin ai ɗaya ne. Na miƙa hannu aka ɗiba.

Muna fita Nafisa ta ce, "Umma, kin fa yi wa likita ƙarya."

"Wace ƙarya? Ni da Antinki kamfani ɗaya ne, kwali ɗaya."

"To, Allah ya sa kada su duba lambar."

Muna jiran sakamako aka yi aikin farko, aka sassauta naman da ke jan idon ƙasa. Ta sha wuya kwana uku, idon ya yi ja kamar gauta. A cikin jiran ne muka je dalar da ake ta tambayata. Duwatsu ne aka jera. Na jinjina wa waɗanda suka ɗauka, amma mutumin Bauchi ba a burge shi da dutse.

Mako uku da 'yan kwanaki aka kira mu. Daktora ta ce Nafisa ta jira a waje, ta rufe ƙofa, ta ja kujera kusa da ni. Ta ce sun gano abin, amma akwai matsala. Jinin biyu bai zauna yadda na uwa da 'ya ke zama ba. Uwa da 'ya rabi suke haɗawa, mu kuwa abin da muka haɗa bai wuce na yarinya da 'yar'uwar mahaifiyarta ba. Da farko ta ɗauka kwalabe aka musanya, ta yi wa matar da ke ɗakin gwaji faɗa sosai, ta sa ta sake aikin tun daga farko. Ya sake fitowa haka. Yanzu tsoronta ko akwai wani sirri a gidanmu, ko kuma an musanya min jaririya a wurin haihuwa ban sani ba. Tana faɗa tana riƙe da hannuna.

Ban taɓa sayar da kwano mai tsaga na ce lafiyayye ne ba, sai ga shi na yi a ƙasar mutane, har an zagi wata saboda ni. Na faɗa mata gaskiya. Ta tambaya a hankali ko yarinyar ta sani. Na ce ta sani tun tana ƙarama, duk hutu tana Inkil tana cin ɗanyar gyaɗa a gonar ubanta. Hajja Batulu ta kasa fassarawa don dariya. Ta ce su ma a Sudan haka suke riƙo, ita ce ya kamata ta ja ni gefe tun ranar farko.

Na ce ba zan tashi ba sai na ga matar ɗakin gwajin. Aka kira ta, mace mai kamar shekaruna, da farar riga. Na ba ta haƙuri, na ba ta kilishin da ya rage. Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta ce ta gode Allah da ba hannunta ne ya fara kuskure ba, don kwana biyu ba ta yarda da kanta.

Daga nan aka shigo da Nafisa, Daktora ta juya takarda ta fara zane. Ta ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wasu siraran bututu. Su ne ginshiƙanta, su ne kuma titin da kaya ke bi a cikinta. Ana haɗa bututun da wasu 'yan gutsattsari da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, sunansu tubulin. Akwai wata ƙwayar gado da ke ɗauke da umarnin ƙera irin wanda jijiyoyi ke amfani da shi, sunanta TUBB3. Na sa Nafisa ta rubuta min a takarda, ga shi na kwafo. A tata, harafi ɗaya ne ya sauya a cikin umarnin. Saboda haka tun tana ciki, jijiyar da ya kamata ta taso daga ƙwaƙwalwa ta isa naman da ke juya ido ba ta isa yadda ya kamata ba, naman ya rasa mai ba shi saƙo, ya ƙage.

Wannan ban sha wuyar ganewa ba. Na taɓa ba da odar tukwane aka kuskure lamba ɗaya a takarda, duk kwalin ya zo murfi bai hau ba. Ba laifin mai mota ba ne, ba laifin hanya ba, tun daga rubutu ne.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni, na ba Daktora labarin maganin kemis. Ta ce wannan sauyi tun ranar farko ta ciki yake, ko dai an gada daga uwa ko uba, ko kuma ya faru sabo a wajen kwafi. Maganin zazzaɓin da aka sha a wata na uku ba ya rubuta shi. Na ce wannan za ta rubuta min. Ta ce za ta rubuta cikakke in ta sami yawun iyayen na gaske, ta jaddada "na gaske" tana kallona ta saman tabarau.

Ba ta ɓoye wa Nafisa nata ba. Ta ce duk ɗan da za ta haifa, yana iya ɗauka, yana iya tsira, rabi da rabi. Nafisa ta tambaya ko za a iya yi wa yaro aiki tun yana ƙarami, aka ce mata eh. Sai ta ce, "To, ni dai nawa ba mai cewa maganin kemis ne."

Aiki na biyu na fatar idon ne, aka ɗage ta daidai gwargwado. Kada in yi muku ƙari: idon har yanzu ba ya juyawa, kuma in tana barci ba ya rufewa duka, sai da maganin ɗigawa sau da yawa a rana. Amma kanta ya sauko. Kwanakin farko ta kan manta ta ɗaga haɓa, sai ta tsinci kanta tana kallon rufi. Ta ce wa Hajja Batulu ashe silin ɗinta duk yana ne, Hajja ta ce shekara goma tana saukar da baƙi ba wanda ya tona mata asiri sai wadda aka kawo ba ta ganin sama.

Mako bakwai muka yi. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen da ba su san ni ba suka ɗauki nauyina: Hajja Batulu, maƙwabciya mai kifi, Daktora, da matar ɗakin gwaji da na sa aka zaga. Na dawo da 'yan kwalabe biyu na tara yawu a jakar hannuna, na fi kula da su fiye da fasfo.

Washegarin dawowarmu na hau keke zuwa Inkil. Malam Sani, mijin Hadiza, malamin makaranta ne, ya karɓi tasa ba musu, sai dai yana azumin Litinin, bakin ya bushe, ya yi ta fama ko rabin layi bai kai ba. Dole na koma ranar Talata. Hadiza kuwa ta riƙe kwalbar tana juyawa.

"Yaya, in aka ce ni ce fa?"

"Shekara goma sha tara kina cewa ke ce. Me zai ƙaru?"

Ta shiga bayan ƙofa ta tofa. Kwalaben biyu na ba wata abokiyar sana'ata da ke zuwa Masar saro abaya ta kai wa Hajja Batulu.

Bayan wata guda takardar ta shigo wayata. Na kai Inkil, Malam Sani ya sa tabarau ya karanta yana fassarawa. Hadiza tana zaune ta ba mu baya tana tsinkar zogale. Babu sauyin a jikinta, babu a jikinsa, sabo ne ya faru a Nafisa. Ba ta juyo ba ta ce, maganin fa? Ya karanta layin da Daktora ta yi min alkawari, sau biyu. Na dai lura ganyen da itacen duk kwano ɗaya take zubawa. Na yi sallama na taho, ina cewa a raina wataƙila na makara da shekaru.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga ta a gidana ba sanarwa, wai ta zo kasuwa ta biyo. Lokacin ɗiga magani ne, Nafisa tana zaune a tabarma, ni na buɗe kwalbar ke nan. Hadiza ta miƙo hannu ta karɓa. Ta durƙusa a gefenta, ta kama haɓar da yatsu.

"Nafisa, kalle ni."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Nafisa ma ta ji, amma ba ta bar halinta ba.

"Anti, ai ba ya juyawa. Ke za ki zo gabansa."

Hadiza ta ja gwiwa ta koma gabanta sosai, suka dubi juna. Ta daɗe ba ta ɗiga ba. Na ga in ban yi magana ba mu uku za mu jiƙa tabarmar, sai na ce, "Ke Hadiza, ina kunyar 'yar farin?"

Ba ta ɗauke ido daga fuskar yarinyar ba ta ce, "Wace 'yar fari? Ai taki ce, Yaya. Har Masar kika je kika faɗa."

Sannan ta ɗiga.